Kwana da gangara: lissafin da ke ƙarƙashin tayar mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa yana kallon 'yan dako suna loda duro a bayan mota ya ga wani ilimi da ya girmi makarantar boko. Duron mai mai nauyin kilo 200 ya fi ƙarfin mutum biyu su cira shi sama, amma da zarar an jingina katako mai kauri daga ƙasa zuwa bakin bodi, sai ka ga mutum biyun nan sun mirgina shi har ciki. Wannan katako da ɗan tudun da injiniyoyi ke yi wa gefen waje na kwalta a inda hanya ta yi kwana, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya a ilimin fiziks. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne: karkata ba ta rage wa kaya nauyi ko da na ƙwayar gero, ba ta kuma ƙirƙiro wani sabon ƙarfi, abin da take yi kawai shi ne sauya inda ƙarfin da ke nan ya dosa. Wanda ya gane haka zai gane cewa kowace kwana da aka karkatar tana da gudu guda ɗaya tak da aka gina ta dominsa, kuma duk abin da direba ya ƙara a kan wannan gudu bashi ne ya ɗora wa tayoyinsa.

Mu fara da katakon 'yan dako, tunda shi ne ya fi sauƙin gani. Idan bakin bodi yana da tsayin mita 1 daga ƙasa, katakon kuma tsawonsa mita 4, to ƙarfin da ake bukata a tura duron bai wuce na ɗaga kilo 50 ba, in an cire gogayyar da ke tsakanin duro da katako. Sai dai abin ba kyauta ba ne. Maimakon mita 1, yanzu mita 4 za a yi ana turi, don haka aikin da aka yi a ƙarshe yana nan yadda yake, an dai raba shi ne kaɗan-kaɗan yadda jiki zai iya. Mutane sun yi dubban shekaru suna amfani da wannan dabara kafin a rubuta dokarta. A 2018 masu binciken kayan tarihi sun gano ragowar wata gangara da aka janyo duwatsu a kanta a wurin fasa dutse na Hatnub da ke Masar, tun zamanin Fir'auna Khufu. Hujjar da ta fi burge ni a kan dokar ita ce ta Simon Stevin, haifaffen birnin Bruges, wanda ya wallafa ta a 1586. Ya ce a ɗauki dunƙule mai kusurwa uku wanda ɗaya gefensa ya ninka ɗayan tsawo, a rataya masa zare mai ƙwallaye 14 masu nauyi ɗaya, kamar dai carbi. Ƙwallo huɗu za su kwanta a dogon gefe, biyu a gajeren, saura takwas suna lilo a ƙasa. Da a ce huɗun nan sun fi biyun ja, da carbin ya fara juyawa, kuma tunda kowace ƙwallo tana maye gurbin 'yar uwarta, da ba zai taɓa tsayawa ba har abada. Hankali bai yarda da haka ba. Ke nan ƙwallo biyu a kan gefe mai tsananin gangara suna riƙe huɗu a kan mai sauƙi, kuma ƙarfin ja yana tafiya ne da tsayi idan an raba shi da tsawo. Galileo ya ɗora a kai a littafinsa na 1638: ya mirgina ƙwallon tagulla a kan katako yana auna lokaci da ruwan da ke zuba, ya samu cewa idan lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallon ke ci yana ninkawa huɗu.

Abin da ke faruwa a kan gangara shi ne nauyi yana rabuwa gida biyu. Kashi ɗaya yana danna kaya a jikin ƙasa, ɗaya kuma yana jan sa zuwa ƙasan gangarar. A kan gangara mai digiri 30, abin da ke ja ya kai rabin nauyin kayan, abin da ke dannawa kuma kusan kashi 87 cikin ɗari. Riƙon da taya ko tafin ƙafa ke yi wa ƙasa ya dogara ne da wannan dannawa, shi ya sa gangara ke cutar da mai hawanta ta fuska biyu a lokaci guda: tana ƙara ja, tana rage riƙo. Akwai kusurwar da idan aka kai ta ja ke rinjayar riƙo, kuma kowa ya san ta da ido ko bai san sunanta ba. Zuba busasshen yashi a ƙasa, tsibin zai tashi har gefensa ya kai digiri talatin da 'yan kai, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya zubo. Yaron mota da ke dirowa da gudu ya cusa waigi a bayan taya idan tirela ta tsaya a hawa, yana ƙara wa riƙo hannu ne a wurin da ja ya kusa fin ƙarfinsa.

Kwana kuwa tata matsalar daban ce, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke kuskuren fahimta. Dokar farko da Isaac Newton ya shimfiɗa a 1687 ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe, da gudun da yake yi, muddin wani ƙarfi bai karkatar da shi ba. Yaron da ke korar tsuntsaye a gonar dawa ya san wannan a hannunsa. Yana kaɗa majajjawa, dutse yana kewaya saboda igiya tana jan sa zuwa hannu, amma da zarar ya saki bakin igiyar, dutsen ba ya ci gaba da kewayawa, sai ya miƙe ɗoɗar inda ya fuskanta a lokacin sakin. Mota a kwana dutsen majajjawa ce. Dole wani abu ya riƙa jan ta zuwa cikin kwanar, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta babu mai wannan aiki sai riƙon tayoyi huɗu, waɗanda abin da ke taɓa ƙasa a kowace ɗaya bai fi tafin hannu ba sosai. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya wallafa ma'aunin wannan ja tun 1673: yana ƙaruwa idan kwana ta matse, yana kuma tafiya da gudu sau gudu. Idan direba ya ninka gudunsa biyu, abin da yake nema daga tayoyinsa ya ninka huɗu. Idan ya ninka uku, tara ke nan.

Wani zai ce wannan magana ta saɓa wa abin da jikinsa ke faɗa masa, domin duk fasinjan da ya zauna a gefe ya san yadda ake ji kamar an wurga shi waje idan mota ta sha kwana, har ya matse da ƙofa. Jin gaskiya ne, fassararsa ce ke da gyara. Jikin fasinja yana son ya miƙe kamar dutsen majajjawa, motar ce ke juyowa ta tare masa hanya, ƙofar ce ta zo ta same shi tana tura shi ciki. Masana suna halatta a yi lissafi daga cikin motar a sa wani ƙarfi mai turawa waje, kuma amsar tana fitowa daidai, don haka ba zan yi faɗa da mai wannan salo ba. Amma akwai dalilin da ya sa bambancin ke da amfani ga direba. Mai zaton cewa wani abu ne ke fisgar sa waje zai ɗauka maganin shi ne ya ƙara murɗa sitiyari ya yi kokawa da shi. Wanda ya san cewa ja zuwa ciki ne ya gaza, zai gane cewa sitiyari ba ya ƙara wa taya riƙon da ba ta da shi. Idan riƙo ya ƙare, mota miƙewa take yi duk inda aka juya mata tayoyin gaba, shi ya sa sawun tayar motar da ta ƙwace a kwana yakan tafi kusan a miƙe har cikin rami.

Dabarar karkatar da kwana ta samo asali ne daga wata gaskiya mai sauƙi: ƙasa tana tura abin da ke kanta a tsaye da fuskarta. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan turi sama yake dosa, ba ya taimaka wa juyawa da komai. Idan aka ɗaga gefen waje, turin sai ya jirkita, wani sashe nasa ya koma yana kallon cikin kwanar, ya karɓi aikin da taya ke yi. Jefa gyaɗa guda a cikin ƙwarya ka juya ta, za ka ga gyaɗar ta hau gefe tana kewayawa, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon hawanta. Ka sassauta hannu ta gangaro tsakiya. Ɗan acaɓa da ke kwantar da babur a kwana, da mahayin da dokinsa ke jirkicewa idan ya juya a guje, duk abu ɗaya suke nema. Akwai kuma wani abin lura da ke rikita ɗalibai. Kayan da ke zaune a kan gangara suna danna ta da abin da bai kai nauyinsu ba, amma motar da ke kewaya karkatacciyar kwana tana danna kwalta da abin da ya fi nauyinta, alhali kusurwar ɗaya ce. Dalili shi ne a hali na biyu turin hanya ayyuka biyu ke kansa, ya riƙe nauyi kada mota ta zamo, ya kuma juya ta. Jirgin sama ya fi kowa nuna wannan. Ba shi da kwalta, fikafikansa yake jirkitawa ya yi kwana, kuma idan ya jirkita digiri 60 ba tare da ya rage tsayi ba, matuƙi yana jin nauyinsa ya ninka biyu a kan kujera. Dutsen da ke kan gangara mai digiri 60 kuwa da rabin nauyinsa kawai yake danna ta.

Yanzu mu sa alƙaluma. A ɗauki kwanar da tazararta daga tsakiyar da'irarta mita 100 ce, irin wadda ake yawan samu a hanyoyin tsaunuka. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana bukatar ja zuwa ciki da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta, kuma karkatar digiri 11 za ta biya wannan bukata baki ɗaya. A kilomita 100, bukatar ta kai kusan kashi huɗu cikin biyar, karkatar da za ta biya ta kuwa digiri 38 ce, wadda mutum ma da ƙyar zai tsaya a kanta. Hanyoyin jama'a ba sa kusantar haka. Ƙa'idojin gina hanya yawanci suna tsayawa ne a wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, wato digiri huɗu ko kusa da haka. Kwanar tamu idan an yi mata kashi 7, gudun da ta ɗauke wa taya nauyinsa gaba ɗaya bai wuce kilomita 30 ba. Daga nan zuwa sama taya ce ke biya. A busasshiyar kwalta mai kyau ƙaramar mota za ta iya kaiwa wajen kilomita 100 kafin ta zame, amma idan ruwan sama ya sauko riƙon ya ragu, iyakar takan faɗo ƙasa da 80, in kuma tayar ta suɗe ko yashi ya rufe kwalta, sai abin ya fi haka muni. Kwanar ba ta canza ba, direban ma shi ne na jiya.

To me ya hana a karkatar da kowace kwana sosai a huta? Tambaya ce mai ma'ana, tunda an yi hakan a wasu wurare. Filin tseren motoci na Daytona a Amurka, wanda aka buɗe a 1959, kwanoninsa digiri 31 ne, na Talladega 33, filayen tseren keke na cikin ɗaki ma sukan haura 40. Amma waɗannan wurare an gina su ne don masu gudu iri ɗaya. Hanyar jama'a kuwa ta kowa ce: ƙaramar mota mai sauri, tirelar siminti da ke jan ciki, amalanke, da motar da ta lalace ta tsaya cak a tsakiyar kwana. Ga mai tafiya a hankali, karkatacciyar kwana gangara ce kawai, tana jan sa zuwa ciki, kuma doguwar mota da aka yi wa lodi har sama tana iya kifewa ta gefen ciki tana tsaye. A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe hanya ma rage karkatar ake yi saboda wannan dalili. Haka injiniyan layin dogo ke fama: yana ɗaga ƙarfen waje, amma ɗagawar ba ta cika wuce santimita 15 zuwa 18 ba, domin jirgin kaya mai nauyi da jirgin fasinja mai sauri layi ɗaya suke bi. Injiniya sulhu yake yi tsakanin mai sauri da mai nawa, kuma a ganina sulhun daidai ne, sai dai yana nufin an bar wa direba kaso mafi girma na alhakin.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin direbobi, wai mota mai lodi ta fi kama ƙasa. Rabinta gaskiya ne, domin nauyi yana ƙara dannawa, dannawa tana ƙara riƙo. Sai dai nauyin nan shi ne kuma ke ƙara ƙarfin da ake bukata a juya motar, daidai wa daida, don haka a lissafin zamewa nauyi yana share kansa. Abin da ba ya sharewa shi ne tsayin lodi. Ƙaramar mota tana kusa da ƙasa, takan zame kafin ta kife, amma tankar mai ko tirelar da aka cika takan ɗaga tayoyin ciki da zarar jan gefe ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, tun tayoyin suna da sauran riƙo. A kwanar da muka auna, hakan na faruwa a kilomita saba'in da 'yan kai, gudun da ƙaramar mota ke wucewa da shi lafiya lau. Tankar da ba ta cika ba tana da ƙarin matsala, man yana ɓallewa ya taru a gefen waje a daidai lokacin da ba a so. Motar da aka jera wa buhuna har suka haura bodi, sannan mutane suka hau saman buhunan, an ɗaga mata cibiyar nauyi ne, an kuma ɗora rayuka a wurin da ya fi ko'ina hatsari. Jirgin ƙasa ma da ba ya zamewa gefe bai tsira daga wannan doka ba. A ranar 25 ga Afrilun 2005, a Amagasaki da ke Japan, jirgi ya shiga kwanar da iyakarta kilomita 70 da gudun 116, ya kife, mutum 107 suka rasu. A ranar 24 ga Yulin 2013, kusa da Santiago de Compostela a Sifaniya, wani jirgin ya shiga kwanar kilomita 80 da gudun 179, mutum kusan 80 suka mutu. A na Sifaniya gudun ya ninka biyu da ɗan ɗori, amma jan gefe ninki biyar ya yi.

Inda gangara ta haɗu da kwana nan ne matsalolin biyu ke haɗa kai, kuma masu bin hanyar Jos sun san Hawan Kibo da wannan. Tirela mai tan 40 idan ta sauko tsayin mita 100, ƙarfin da nauyinta ya saki ya isa ya kai ruwa fiye da lita 120 ga tafasa. Wannan zafi dole ya tafi wani wuri. Idan direba ya saki mota a firi don ya tsimi mai, ya dogara da birki kaɗai, zafin duka a birkin zai taru, kuma birkin da ya yi zafi sosai ba ya kamawa. Idan ya sauko da ƙaramar giya, injin yana shanye kaso mai yawa. Sannan riƙon taya jari ne guda ɗaya da birki da juyawa ke ci daga cikinsa, abin da birki ya ɗauka juyawa ta rasa shi. Saboda haka taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwana yakan jawo abin da ake gudu, wurin rage gudu shi ne miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban kwanar.

Za a iya cewa tsofaffin direbobi sun shekara talatin a kan hanya ba su san Stevin ko Huygens ba, kuma hatsari idan an ƙaddara shi babu makawa. Ƙwarewa abin girmamawa ce, jikin ƙwararren direba yana auna kwana fiye da yadda baki zai iya bayyanawa. Amma jiki yana koyo ne daga abin da ya saba, kuma yakan ɗauka ƙarin kilomita 20 ƙari ne kaɗan, alhali daga 60 zuwa 80 bukatar riƙo tana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin ɗari. Ranar da jiki zai koyi wannan da kansa ita ce ranar da mota ta ƙwace. Imani da ƙaddara kuma bai taɓa ɗauke wa mutum bin sababi ba. Haka nan ba adalci ba ne a jibga wa direba laifin duka. Kwanar da aka yi wa faci a kan faci har karkatarta ta ɓace, ko ta koma tana zubowa waje, tarko ce ko ga mai hankali, kuma kwanar da babu allon da ke faɗin gudunta an ɓoye wa direba lambar da injiniya ya riga ya sani. Ina kira ga ma'aikatun ayyuka da su auna karkatar kwanoni duk lokacin da aka gyara hanya, su kafa alluna, su tanadi wuraren tsakuwa da motar da birkinta ya ƙone za ta faɗa a doguwar gangara. Hukumar kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin direbobi kuma su kai wannan bayani tashoshin mota da makarantun koyon tuƙi cikin Hausa, da majajjawa da ƙwarya a hannu, ta yadda duk wanda zai karɓi lasisi zai san cewa ninka gudu biyu ninka wa taya aiki huɗu ne.